Filin Iyaye da Yara: Awarwaron Zare, da Wanda Za A Ɗaura Wa

A wannan wata muna so mu yi magana a kan wani ɗan aikin hannu wanda ba ya cin kuɗi, ba ya kuma bukatar allo ko benci, watau yin awarwaro na zare wanda yaro zai ɗaura wa abokinsa. Mun gwada shi da yaranmu na wajen Yasore, a ƙasar Batsari, mun ga amfaninsa, mun kuma ga inda yake da wuya. Kitsa zaren kam abu ne mai sauƙi, yaro ɗan shekara 7 yakan koya kafin a tashi daga aji. Amma akwai tambaya biyu da malami zai amsa kafin ya raba zare. Mene ne wannan abu da muke ɗaura wa yara a hannu? Wa kuma za a ba?

Bari mu fara da kayan aiki. Wanda ya fi kyau shi ne zaren ɗinkin hula, gama yana da launi iri iri, ba ya kuma kaikayi. Ana samunsa a kasuwar Batsari da ta Safana wurin masu kayan koli. In da tela a ikilisiyarku, ku roƙe shi ya riƙa tara muku guntayen zare da na atamfa maimakon ya share su. Ulu na tsohuwar rigar sanyi ma yana yi, in an warware shi an wanke. Inda ba ko ɗaya daga cikin waɗannan, akwai rama, akwai kaba. Kakanninmu da kaba suka yi zobe da munduwa na wasa tun ba a san kanti ba. A tsaga kabar siriri, a jiƙa ta cikin ruwa domin kada ta karye. Waɗansu sukan zare silin buhu, amma in buhun taki ne ko na iri mai magani, kada ku yarda ya taɓa hannun yaro. Wanda yake da farin zare kaɗai yana iya rina shi a gida: karan dafi yana ba da ja, gangamau yana ba da rawaya, baba kuwa kowa ya san shuɗinsa. Yara suna jin daɗin rinin fiye da kitson ma, sai dai ku yi shi ranar da ba su sa kayan Lahadi ba.

Ga yadda ake yi. Ƙananan yara, 'yan shekara 5 ko 6, a fara musu da murɗa. A yanko zare launi biyu, kowanne kamu biyu, watau wajen mita ɗaya. A haɗa su, yaro ɗaya ya riƙe wannan baki, ɗaya ya riƙe wancan, su ja da baya har zaren ya miƙe. Sai kowa ya yi ta murɗawa zuwa hannunsa na dama, kada su saki. Sa'ad da zaren ya yi tauri ya fara neman ƙudundunewa, malami ya kama tsakiya, yaran su matso su haɗa bakin biyu, sa'an nan malami ya saki. Nan da nan zaren zai nannaɗe kansa ya zama igiya mai kyau. Ba mu taɓa yin wannan ba tare da an yi ihu a aji ba. A ƙulle bakin, a zura ƙullin cikin kunnen da ya fito a ɗaya gefen, aiki ya ƙare.

Waɗanda suka kai shekara 7 su yi kitso na sili uku. Kowane sili ya yi kamu ɗaya da taƙi, gama kitso yana cin tsawo, hannun yaro kuwa bai cika wuce santimita 15 a kewaye ba. A ƙulle su wuri ɗaya a sama. Na dama ya haye na tsakiya, na hagu ya haye na tsakiya, haka har ƙasa. 'Yan mata sun riga sun iya, gama sun ga ana yi a kan iyayensu. Yara maza ne za su tura baki su ce aikin mata ne. Kada ku yi musu faɗa. Ku tambaye su wa yake tufka igiyar da ake ɗaure akuya da ita a gidansu. In kun kira shi tufka, za ku ga sun zauna.

Masu tufka sukan maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa, yaro ma yana iya yin haka. Amma mu mun hana. Mun fi so yaro ɗaya ya riƙe, ɗaya ya kitsa, in an gama su sake. Ta haka ba wanda zai gama nasa sai da taimakon wani, mai riƙo kuma dole ya yi haƙuri da mai kitso ko da hannunsa ba ya sauri. Malami ne zai zaɓi wa zai zauna da wa. Za ku ga dalili in mun yi gaba.

Yanzu ga gargaɗi, muna roƙo a karanta wa iyaye mata a taron zumunta. Yara za su so su zura wani abu mai ado a zaren, abin da idonsu zai fara kaiwa kuwa shi ne idon zakara, wannan ɗan iri ja wur mai baƙin ɗigo. Kyakkyawa ne, amma dafi ne mai kisa. Muddin ɓawonsa yana rufe dafin yana ciki, amma in an huda shi da allura domin a zura zare, an buɗe masa hanya ke nan, yaro kuwa ba ya rabuwa da sa hannu a baki. A Ingila, a shekara ta 2011, sai da hukuma ta sa aka janye awarwaron da ake sayarwa a kantuna saboda an yi shi da wannan iri. 'Ya'yan zurma ma haka suke, kada a taɓa su. In ana son ado, a yanka busasshen karan dawa siriri gajere gajere a huda cikinsa, ko a naɗa takardar tsohuwar kalanda a kan tsinke a manne da ƙaro. Yaron da bai kai shekara 3 ba kuwa, kada a ba shi duwatsu ko wani ƙaramin abu ko kaɗan, gama ko ya haɗiye ko ya cusa a hanci. Wajen ɗaurawa kuma, a bar wurin da yatsan babba zai shiga tsakanin zare da fata.

To, mu koma ga tambaya ta fari. Ran da yara suka fara komawa gida da zare a hannu, wani dattijon ikilisiya ya zo ya same mu, ya ce, "Malam, abin da muka ƙone shi kuke komo mana da shi?" Bai kamata a yi wa maganar nan dariya ba. Da yawa cikin iyayenmu daga Maguzanci suka fito. Sun san kambu a damtse, sun san guru a ƙugu, sun san laya a wuyan jariri. Waɗansunsu sun tara waɗannan abubuwa da hannunsu sun sa wuta kafin a yi musu baftisma, danginsu kuwa suka ƙi su saboda haka. Mutumin da ya biya wannan tamani yana da iko ya yi tambaya.

Gaskiya kuma tana wajensa fiye da yadda ya sani, domin a ƙasashen da wannan wasa ya yi yawa, da camfi yake tafe. A Amurka, inda ya bazu cikin matasa tun wajen shekarun 1970, akan ce wanda aka ɗaura wa ya yi fatan wani abu a zuciyarsa, kada ya cire, ran da zaren ya tsinke da kansa sai fatan ya cika. A birnin Salbado na ƙasar Barazil, a bakin wata babbar majami'a, ana sayar da ƙyalle siriri wanda ake ƙulla wa mutum sau uku, kowane ƙulli da bukatarsa. Ko an yi shi a ƙofar majami'a, wannan laya ce. Yaranmu da suke leƙa waya sun riga sun ji labarin nan, saboda haka gara su ji amsarsa daga bakinmu.

Littafi Mai Tsarki bai hana alama ba. A Farawa sura 38 ungozoma ta ɗaura wa jariri jan zare a hannu domin a gane wanda ya fara fitowa. A Joshuwa sura 2 Rahab ta rataye jar igiya a taga domin a gane gidanta. Ba zaren ne ya yi wani abu ba, shaida kawai ya bayar. Amma ku duba 2 Sarakuna sura 18. Macijin tagulla wanda Musa ya yi bisa ga umarnin Allah, da mutane suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi. Abu mai kyau yana iya komawa gunki in zuciya ta jingina a kansa. Saboda haka muka sa doka mai sauƙi, wadda dattijon nan ma ya yarda da ita: awarwaro ana cire shi. A cire lokacin wanka, a cire lokacin barci, a mai da shi da safe in ana so. Ba a yi masa addu'a, ba a tofa masa kome, ba a ɗaura wa jariri ko marar lafiya. In kuwa kun ga yaro yana tsoron cirewa, yana cewa wani abu zai same shi, sai ku zauna da shi ku yi magana, sa'an nan ku ba shi almakashi ya yanke da kansa, ku kitsa wani tare.

Waɗansu malamai sukan yi amfani da launuka su koyar da bishara. Asalin wannan daga mai wa'azin nan na Landan ne, Spurgeon, wanda a 1866 ya yi wa'azi da littafi marar rubutu mai shafi uku, baƙi da ja da fari, daga baya aka ƙara ruwan zinariya da kore. Hanya ce mai kyau ga yaran da ba su iya karatu ba tukuna. Shawararmu ita ce, in kun zo kan baƙi ku ce duhu, gama yaro yakan dubi zaren ya dubi fatar hannunsa. Kada kuma ku gama wannan darasi da na abuta a rana ɗaya, kowanne da ranarsa.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. In kun bar yara 30 kowa ya ba wanda yake so, ga abin da zai faru: yara huɗu ko biyar za su tashi da awarwaro har gwiwar hannu, waɗansu kuwa za su koma gida hannu wofi. Kun kuwa san ko su wane ne tun ba a fara ba. Yaron da yake in'ina. Yarinyar da take da tabon ƙuna. Maraya wanda rigarsa ɗaya ce. A ƙasarmu kuma yanzu akwai wani kashi, watau yaran da iyayensu suka gudo daga wani ƙauye suka raɓa a gidan dangi. Irin wannan yaro yakan zauna a bakin tabarma, ba ya magana, in babur ya wuce da ƙarfi sai ya zabura. Aikin da aka shirya domin abuta zai zama ranar da aka nuna masa a fili cewa ba shi da kowa.

Masu karatu na nesa sun ji labarinmu a rediyo. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, tun wajen 2019 kuma 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum wajen 30 a Tsauwa da Dankar. A watan Disamba na shekarar nan aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, bayan haka makarantu da yawa suka daɗe a rufe. Mutane suka bar gonaki suka cika garin Batsari da birnin Katsina. A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da Safana, muna kuwa addu'a Allah ya ba ƙasarmu salama mai ɗorewa. Amma ku lissafta. Yaron da aka haifa a 2019, abin da ya taso yana ji ke nan. Bai ga lokacin da makiyayi yakan sauka a gonar ubansa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi damin gero ba. Bai san cewa kakarsa tana da ƙawa a ruga wadda takan kawo mata man shanu ran suna ba. Abin da ya sani shi ne sunan wata kabila da ake faɗa da ƙaramar murya. A rugage ma haka yake, gama Fulani da yawa an kwashe musu shanu, an kashe musu mutane ba da laifinsu ba, 'ya'yansu kuma da tsoronmu suke girma.

Ƙulla abuta da kyauta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Cikin littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, an nuna yadda mata suke ƙulla ƙawance da musayar kyauta, su riƙe shi cikin biki da suna har tsufa. Fulanin daji na Nijar kuma suna da al'adar ba aboki aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu, 'yan maruƙan su zama nasa. Waɗannan duka alkawari ne wanda ake gani da ido. Haka Yonatan ya yi a 1 Sama'ila sura 18, sa'ad da ya tuɓe rigarsa ya ba Dawuda, har da takobi da baka da ɗamara. In kuna ba yara labarin nan, ku tuna musu cewa Yonatan ɗan sarki ne, Dawuda kuwa makiyayi ne daga bayan tumaki, wanda uban Yonatan ya zo ya ƙi jininsa. Ga masu kitson sili uku kuma, ku buɗe musu Mai Hadishi sura 4, ku ba su sili ɗaya su tsinke, sa'an nan ku ba su kitsattse su gwada.

Waɗanda suke kallon fim ɗin Indiya sun ga yadda 'yar'uwa take ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu a wani bikinsu. Wannan al'adar addininsu ce, ba tamu ba. Amma akwai abin lura a tarihinta. A 1905, sa'ad da Turawan Ingila suka raba ƙasar Bengal gida biyu, marubucin nan Tagore ya kira mutanen Kalkata su fita titi, Hindu da Musulmi su ɗaura wa juna zaren. Zare bai hana abin da ya faru a Indiya daga baya ba, mu ma ba mu ce zai kori ɗan bindiga daga daji ba. Wannan aikin hukuma ne. Namu aikin shi ne yaran da aka ba mu awa ɗaya kowace Lahadi, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga yadda muke yi. Kowane yaro yana kitsa biyu. Na fari na wanda ya riƙe masa zare ne, shi ya sa muka ce malami ne zai haɗa su. Mukan haɗa ɗan gari da baƙo, mai surutu da mai shiru. Ba a ɗaurawa a ɓoye. Su biyu za su tsaya a gaban aji, kowa ya faɗi sunan ɗan'uwansa da sunan garinsu, sa'an nan ya ɗaura. Wannan faɗin sunan gari ƙaramin abu ne, amma mun ga yarinyar da ta yi wata biyu ba ta buɗe baki ba ta gyara wa abokiyarta yadda ake faɗin sunan ƙauyensu, ta kuma ƙara da cewa akwai babbar tsamiya a bakin rijiyarsu. Ku shirya waɗansu biyu ko uku a aljihu saboda wanda ya zo a makare.

Na biyun kuwa na waje ne, watau na yaron da ba ya zuwa majami'armu: ɗan maƙwabci, abokin ɗiban ruwa, 'yar mai tallan nono. A nan sai a yi hankali ƙwarai. Yadda dattijonmu ya yi zaton laya ce, haka maƙwabcinmu Musulmi zai yi, har ya fi, in ya ga ɗansa da zare daga hannun Kirista. A lokaci irin wannan ƙaramin zato yana iya zama babbar magana. Saboda haka kada yaro ya ɗaura wa kowa a hanya. Uwa ta raka shi gidan, ta yi sallama, ta ce, "Maman wane, ga abin da yaran suka yi a makaranta, ya ce na abokinsa ne," ta miƙa wa uwar yaron a hannu. In ta karɓa, madalla. In ta ce a'a, a yi godiya a yi hira a komo, an dai taka ƙafa, zumunta kuwa a ƙafa take. Kada a sa gicciye a jikinsa, kada a ba da mai launukan bishara a ce ado ne kawai. Wanda ya tambaye mu bangaskiyarmu za mu faɗa masa a fili da rana. Kada kuma a aiki yaro ruga ko bayan gari saboda wannan, a jira ranar da mai nono ta shigo da 'yarta.

Wani uba ya ce mana shi ɗansa ba zai ba ɗan Fulani kome ba, ya kuma faɗi abin da aka yi wa gidansu. Ba mu yi masa gardama ba, ba mu kuma buɗe masa aya ba, gama wanda bai kwana a daji da 'ya'yansa ba ya yi hankali da bakinsa. Mun ce yaron ya ajiye nasa na biyu a gida. Ba a tilasta kyauta. Ku ma in kun gamu da irin wannan, ku sanar da fasto domin a riƙa ziyartar gidan.

Wajen lokaci, rani ya fi, bayan an gama kai amfanin gona gida, sa'ad da yara ba su da aikin tsaron gona, kaba da kara kuma suna ko'ina. Ku ɗauki Lahadi biyu, ta fari a koyi hannu, ta biyu a yi na kyauta. Almakashi ya zauna a hannun malami. Zaren rama da na kaba ba ya wuce 'yan makonni, na hula yakan daɗe in ana cirewa lokacin wanka. In ya tsinke yara za su zo da ƙara, sai ku ba su sabon zare ku ce su nemo wanda ya riƙe musu wancan karo.

Malaman da suka gwada a wurarensu su rubuto wa wannan fili yadda ta kasance, musamman na wajen Malumfashi da Kafur. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba yadda ake yin motar kara da yara maza.